Sarki Tunau da Kawunan Ungulu

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, can bayan tsaunuka bakwai, an yi wani sarki mai suna Tunau, wanda Allah ya ba mulki da yalwa, amma tsoron abin da gobe za ta haifar ya hana shi sakat. Wata rana wani hatsabibin boka, Zangina, ya faɗi gabansa ya ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya shaƙi hayaƙin kan ungulu, babu gaibin da zai ɓuya masa."

Sarki ya umarci shugaban maharbansa, Nomau, da ya riƙa kawo masa kawunan ungulu. Shekara bakwai ana kai kawuna fada cikin kwanduna, sarki bai ga komai ba sai hayaƙi, har aka wayi gari babu ungulu ko ɗaya a kan rimayen birnin.

Mushe ya yi ta ruɓewa a kwararo, karnuka suka yawaita, rijiyoyi suka gurɓace, annoba ta bi gida gida. Aka yi ta binne mutane har hawaye ya ƙafe, uwa kan ga an fita da gawar ɗanta ta ci gaba da daka. Ranar da aka binne yarima, sarki ya wuni bisa karaga yana kallon bango. Boka kuwa ya sulale.

Gimbiya Kyauta, 'yar da ta rage wa sarki, ta kira Nomau ta ce, "Hannun da ya kashe, shi zai nemo."

Nomau ya yi tafiyar wata uku har ƙwanƙolin Dutsen Baƙin Ruwa, inda ya tarar da wani tsohon aljani mai gadin tsuntsaye, kusa da ungulaye biyu da ƙwai guda.

Aljanin ya ce, "Ya kai ɗan Adam, waɗannan kaɗai kuka bari, kuma ƙwai ɗaya suke yi a shekara. Karya bakanka, ka tsare ƙwan nan daga hankaki da rana kwana hamsin. In ya fashe, garinku ya ƙare."

Nomau ya karya bakan, ya zauna yana yi wa ƙwan inuwa da jikinsa har fatar bayansa ta saluɓe. Da ɗan tsakon ya fito Nomau bai yi murna ba, kallonsa kawai ya yi.

Ungulayen suka biyo shi gida. Sarki ya sa aka yi shela cewa duk wanda ya taɓa ungulu ko ya sare rimi ya bar ƙasar. Sannu a hankali aka share gari, annoba ta lafa, sarki ya aurar wa Nomau gimbiya. Ba a yi kiɗa ba, domin makaɗan duk sun mutu.

Bayan an shafa fatiha, sarki ya ɗaga kai sama ya ce, "Nawa ne yanzu?"

Nomau ya ce, "Uku, ranka ya daɗe. In Allah ya kai mu baɗi, huɗu."