Gyalen da Ya Tona Asirin Kofur

An ce wai a wani gari an yi wata tsohuwa mai daddawa, sunanta Tabawa. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma bakinta bai san tsoron kaki ba. Ɗanta ɗaya ne, Sallau tela. Kashegarin ɗaurin aurensa da Ladidi, wani kofur mai suna Tanimu ya kama shi, wai keken ɗinkinsa na sata ne, ya doke shi har ya karya masa hannun dama.

Tabawa ta kai kuka ofishin 'yan sanda inda kofur yake aiki, kullum sai a ce mata ta dawo gobe. Da ta gaji, ta maka kofur a kotu.

A gaban alƙali ta ce, "Allah ya gafarta malam, ba keke ba ne, kishi ne! Ya nemi Ladidi ta ƙi shi. Kayan toshinsa ma da aka mayar masa ya ƙi karɓa, suna nan wurin uwarta. Ya laƙa wa ɗana sata, ya karya hannun da muke ci da shi!"

Kofur ya ƙame, ya ce, "Ranka ya daɗe, aikina na yi. Ban san wata Ladidi ba, tsohuwar nan ta ruɗe."

"Uwarka ce ta ruɗe!"

Alƙali ya tsawata mata, ya nemi shaidu. Tabawa ta waiwaya, maƙwabtanta duk suka sunkuyar da kai.

Sai alƙali ya sa aka kawo kayan, aka kira Ladidi. Ya zaro wani jan gyale, ya ce, "Tunda kofur bai san yarinyar ba, kayan nan ba su da mai su. Sallau, na ba ka. Yafa wa amaryarka, ta gode maka."

Sallau ya ɗaga gyalen da hannun hagu. Ladidi ta rusuna tana murmushi. Kafin ya taɓa kafaɗarta, kofur ya zabura ya fizge shi.

"Wallahi ba za ka yi mata ado da gyalen da na saya ba!"

Tabawa ta rangaɗa guɗa.

Alƙali ya ce, "Hukuma ta ba ka kaki don tsaron jama'a, ka mai da shi sandar huce haushi. Sallau ba ɓarawo ba ne. Jinyarsa da diyyar hannunsa suna wuyanka, maganar kakinka kuma na miƙa wa manyanka."

Wanda kishi ya sa ya yi zalunci, ba sai an nemo masa shaida ba, kishin nan shi zai miƙe ya ba da ita.