Tsagar da Nomau Ya Ƙi Rufewa

An yi wani mutum, bawan Allah, a wani gari da ba zan kama sunansa ba, ana ce masa Nomau. Ku saurara. Ke mai goyo can baya, bar surutun nan.

Sana'arsa guda ce, yi wa bindigogin maharba baƙi don kada tsatsa ta ci su. Ba wuta, ba zuga-zugi. A zauren gidansa yake zama da 'yar kwalbar ruwan magani. Ya goge ƙarfe da lallausan yashi, ya wanke da ruwan toka har maiƙo ya fita tas. Daga nan ba ya ƙara taɓa shi sai da tsumma, don duk inda yatsa ya sauka magani ba ya kamawa. Ya shafa da auduga sama-sama, ya ɗauraye, ya shanya, ya sake, ya sake, har baƙin ya kwanta bai ɗaya. Ku riƙe wannan.

Ran nan Jatau, Sarkin Baka, shugaban maharban garin, ya kawo tsohuwar bindiga a yi mata baƙi, zai sayar wa wani baƙo. Nomau na cikin guga sai ga tsaga a bututun, siririya kamar gashi. Ya nuna masa. Jatau ya yi dariya, ya ce ai dalilin kawo ta ke nan, baƙi zai rufe.

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, ido zai rufe wa. Albarushi zai gan ta."

Jatau ya ce, "Kai ɗan shafe-shafe, ni za ka koya wa bindiga?"

Nomau ya naɗe ta ya miƙa masa da hannu biyu.

Jatau ya nemo maganin ya shafa da kansa, ya sayar, ya ce aikin Nomau ne. Harbi na biyu bututun ya fashe, ya tafi da yatsu uku na baƙon.

A gaban mai gari aka ce Nomau ne ya ɓoye tsaga. Nomau ya faɗi yadda aka yi, Jatau ya rantse ƙarya ne. Sai matar Nomau, Hurera, ta kutsa cikin maza ta ɗaga guntun ƙarfen bututun da ya fashe. Baƙin dabbare-dabbare, ga shatin babban yatsa ɓaro-ɓaro.

Ta ce, "Shekara talatin, wa ya taɓa ganin yatsa a aikin maigidana?"

Maharba na tsaye, kowa da aikin Nomau rataye a kafaɗarsa. Kowa ya duƙar da kai. Ko tari ba wanda ya yi.

Aka hana Nomau sana'a. Kwalbar ta bushe a zaure. In Hurera ta hau tsinuwa, sai ya ce ta bari, shi dai hannunsa bai cuci kowa ba. Haka ya rasu, ana nuna gidansa da baki.

Kuna jira in ce Jatau ya ga sakayya? Bai gani ba. Ya tsufa da ƙibarsa da sarautarsa. Sakayyarsa tana can inda ba a rantsuwar ƙarya.

To ga abin da nake gaya muku. Wanda ya san gaskiya ya yi shiru, shi ma shaidar zur ya bayar. Ba Jatau kaɗai ya kashe Nomau ba, har da masu duƙar da kai. Ku ma kuna yi, a maƙwabta, a kasuwa, a gidajenku.

Hurera na nan da rai, guntun ƙarfen na ƙasan akwatinta. 'Ya'yan maharban nan ma suna nan, wasu na jina yanzu. Wanda ya ji gaskiya a bakin ubansa ya miƙe ya faɗe ta a bainar jama'a. Tsohuwar ba ta da sauran shekarun jira.