Yaɓen Malam Sambo

Akwai wani ɗan kasuwa a Dogon Dutsi, Abdulwahabu, mutum ne mai son mahaifiyarsa, amma kai, ba ya jin magana. Da Allah ya buɗa masa, sai ya sayi sola ya nufi ƙauyensu Ɗan Kassari da mai aikin lantarki, wani dattijo Mani, don a sa wa mahaifiyar tasa, Inna Hasiya, wuta.

Ɗakin Inna tsohon ginin laka ne. Mijinta marigayi Malam Sambo ne ya yi masa yaɓen ƙarshe da hannunsa, kuma shatin yatsunsa biyar na nan a gefen ƙofa. Idon Inna ya yi rauni, to nan take dafawa in za ta shiga ko za ta fita, shekara tara ke nan.

Nan ɗin kuma Abdulwahabu ya nuna a binne ɗan akwatin robar da ake ɗora makunni a kai.

Mani ya ƙwanƙwasa bangon, ya kasa kunne.

"Alhaji, wanga yaɓe ya saki bango, ciki fanko ne. A bari in kafa katako a wancan gefe, in ɗora makunnin bisa."

"Katako? Kamar rumfar mai shayi? A birni binnewa ake yi."

Daga kan tabarma Inna ta ce, "Abdu, ku bar mini wajen nan. Aikin babanka ne."

"Inna, ɗan rami ne a ƙasan shatin, ba abin da zai taɓa shi."

Mani ya ajiye kayansa ya ce shi dai hannunsa ba zai yi ba. Ran Abdulwahabu ya ɓaci, wai shi da kuɗinsa za a yi wa gardama. Ya fizgi guduma da ƙarfe mai tsini da kansa.

Bugu na farko, ƙura. Na biyu, tsaga ta haura sama. Na uku, yaɓen ya ɓalle gaba ɗaya, faɗin faifai, ya faɗi ƙasa ya tarwatse.

Innalillahi! Guduma ta suɓuce masa. Inna ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta rarrafo tana lalube a ƙasa, tana ɗaukar gutsattsarin tana shafawa ɗaya bayan ɗaya, ko za ta ji wurin yatsa. Duk sun zama gari.

Abdulwahabu ya durƙusa gabanta, hawaye na zuba. Bai taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba.

"Inna, ki yafe mini. Zan sa a shafe da siminti, zan gina miki sabon ɗaki ma."

Ta ƙulle ɗan garin a bakin zanenta.

"Na yahe maka, ɗana. Allah shi yi maka albarka, alheri ka nufa. Amma wutar ga taka ko an kunna ba ganinta zan yi ba. Hannun nan kaɗai nike gani."

Darasi: Kafin ka gyara wa iyayenka wani abu, tambaye su abin da ba sa so a taɓa, kuma ka saurari mai sana'a in ya ce tsaya. Wani abin in ya karye, kuɗi ba sa mayar da shi. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu shirin gyaran gidan tsofaffi.