Kunkuru da Waya Mai Kan Zinariya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ku ce ta zo mu ji ta. To, ta zo. Ku zauna da kyau, ba na maimaita magana.

A wani gari can bakin daji an yi wani Kunkuru, manomi. Ba shi da komai sai gona ɗaya a fadama, wadda ya gada wurin ubansa. Ita ce cinsa, ita ce shansa. Shi da matarsa Kififiya suke aikinta, rani da damina.

Wata shekara albasa ta yi kyau. Sai Kunkuru ya tafi birni. Ya sayo talabijin da akwatin faifai da sifika biyu, da farantin sola da ya ɗora bisa rufin zaure. A cikin kwalin akwai wata 'yar waya baƙa, siririya, mai haɗa akwatin da talabijin. Ya haɗa. Hoto ya fito, sauti ya fito. Kullum bayan la'asar sai ya sa faifan dambe, ya ji kalangu, ya ga ƙarti suna zubar da juna, ya yi ta dariya. Ba abin da ya dame shi.

Garin nan suna da wata al'ada. In mutum ya yi sabon saye, sai maƙwabta su zo ganin kaya. Maigida ya raba goro, su kuma su yaba. Ba a kushe sayen mutum a zaurensa, ko da ruɓaɓɓiyar kabewa ya sayo. In abin ya yi tsada, yabon ma sai ya ƙaru. Su suna kiran wannan kara. Ni ba haka nake kiransa ba.

Akwai kuma Kurege, ɗan koli mai yawo da jaka. Ya daɗe yana wucewa ta gefen gonar fadamar nan yana haɗiyar yawu.

Rannan sai ya yi sallama a zauren Kunkuru. Ya leƙa bayan talabijin, sai ya kama baki.

Ya ce, "Baba Kunkuru, wa ya yi maka wannan aika-aika?"

Kunkuru ya ce, "Wacce?"

Kurege ya ce, "Kai fa mai ban-ruwa ne. In hanyar ruwa ta yi ƙunci, ruwa nawa ke isa ga albasa?"

Kunkuru ya ce, "Kaɗan."

Kurege ya ce, "To, sauti ma haka yake. Dubi wannan 'yar siririyar waya. Rabin kalangun nan a hanya yake maƙalewa. Rabi kake ji, Baba, rabi!"

Maganar ruwa ta shiga Kunkuru, don ita ya sani. Sai Kurege ya buɗe jaka, ya fito da waya fara mai ƙyalli. Ya ce, "Ba don kai ba ne da ban fito da ita ba. Kawo gyadar da ke ɗakinka."

Kunkuru ya ba da gyada. Aka cire baƙa, aka jefa a kwali, aka sa fara.

Sai maƙwabta suka zo ganin kaya. Ga Jaki, ga Hawainiya, ga Aku. Aka raba goro, aka sa faifai.

Jaki ya miƙe kunnuwa, ya ce, "Kai! Yau na ji kalangu. Har numfashin makaɗin nake ji."

Hawainiya ta juya ido ɗaya, ta ce, "Launi fa? Jan nan ya nuna. Ni na san launi."

Aku ya ce, "Ya nuna, ya nuna."

Kunkuru ya kasa kunne. Abin da ya ji jiya shi ya ji yau. Amma ya ce a ransa, Jaki ya fi ni kunne, Hawainiya ta fi ni ido, wane ne ni? Sai ya ce, "Lalle kam."

Bayan kwana bakwai sai ga Kurege. Ya zauna, ya saurara, ya girgiza kai.

Ya ce, "An samu ci gaba. Amma bakin wayar ƙarfe ne, sautin yana karo da shi yana jin ciwo. Ga mai kan zinariya. A kanta sauti sulɓi yake yi."

Kunkuru ya ce, "Me zan bayar?"

Kurege ya ce, "Dawar da ke rumbu."

Kififiya tana bayan ƙofa tana ji. Ta ce, "Malam, in ka ba da dawa, me za mu ci kafin kaka? Zinariyar za mu dama?"

Kunkuru ya ce, "Ke, harkar na'ura ce. Ba ki san ta ba."

Aka kwashe rumbu. Aka cire fara, aka sa mai kan zinariya. Maƙwabta suka zo, aka raba goro.

Jaki ya ce, "Wancan karon ashe wasa muka ji. Yanzu har ƙurar filin nake ji tana sauka."

Hawainiya ta ce, "Wannan shuɗin ko ni ban iya yin sa ba."

Aku ya ce, "Ba ta iya ba, ba ta iya ba."

Ku ji fa! Manya da furfura, suna tauna goron mutum, suna kallon rumbunsa wayam, ba wanda ya ce masa tsaya.

Bayan kwana bakwai kuma sai ga Kurege, wannan karon da abu naɗe a kafaɗa. Waya ce doguwa, kauri kamar igiyar ɗaure sa, an tufke bayanta da zare, kai biyu duk zinariya.

Ya ce, "Baba, ga uwar wayoyi. Daga ita babu wata. Duk ƙasar nan guda ɗaya ce."

Kunkuru ya ce, "Ba ni da sauran komai."

Kurege ya ce, "Kana da gona."

Kunkuru ya kawar da kai.

Kurege ya ce, "Ba dole. Amma gari duk ya san kai ne mai kunne. In aka ji wani ya riga ka, to, ni dai ba bakina. Zan sa maka ita ka ɗanɗana. Ranar Juma'a a tara shaidu, ka ba ni gona, ta zama taka."

Kunkuru ya ce, "Na yarda." Aka sa uwar wayoyi, aka rufa wa bayan talabijin mayafinsa na tsare ƙura.

Kififiya ta yi magana, ta yi kuka, ta ce ƙasar da aka binne cibiyarsa ce. Ya ce maganar maza ta riga ta fita.

Ranar Alhamis da safe Kunkuru ya tafi gona, ya tsaya yana kallon kunyoyinsa kamar mai bankwana. Ita kuwa Kififiya ta je rijiya, sai igiyar guga ta tsinke. Ta duba gida kaf, babu igiya, an ɗaure buhunan dawa da su an tafi. Ga tulu babu ko ɗigo. Sai ta tuna da abar nan mai kauri. Ta shiga zaure, ta ɗaga mayafi, ta zare ta. Don kada Malam ya rasa dambensa da la'asar, sai ta lalubo tsohuwar baƙar nan a kwali, ta cusa inda ta ga rami, ta mayar da mayafi. Ta ɗaura guga, ta ja ruwa. Igiya kam ta yi.

Da la'asar Kunkuru ya kunna. Ya lumshe ido, ya ce, "Ke, kin ji? Wannan ita ce waya. Ta isa gona."

Kififiya ta buɗe baki, sai ta rufe. Ta ce, "Gobe ma rana ce, Malam."

Juma'a ta zo. Bayan an sauko daga masallaci zaure ya cika. Ga shaidu uku, ga Kurege da sabuwar hula. Aka raba goro, aka sa faifai.

Jaki ya ce, "Wallahi kamar a gabana ake kiɗan. Gashin bayana ya tashi."

Hawainiya ta ce, "Ban taɓa ganin kore ba sai yau."

Aku ya ce, "Sai yau, sai yau."

Kurege ya miƙe, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Jama'a, ku saurara. Kun ji wannan ƙasa-ƙasan gangar? Tsohuwar wayar nan baƙa ko ta mutu ta dawo ba za ta fitar da shi ba. To, Baba, faɗi a gaban shaidu."

Kunkuru ya gyara murya. Sai ga Kififiya ta shigo da guga a hannu, ruwa na ɗiga, uwar wayoyi naɗe a wuyan hannunta, kan zinariya yana reto da laka a jikinsa.

Ta ce, "Sannunku da hutawa. Wace waya ce kuke yabo?"

Sai ta je ta yaye mayafi. Ga 'yar baƙar nan, siririya, tana aikinta.

Ta ce, "Tun jiya da safe taka tana rijiya, Kurege. Ta fi kyau a can."

Kurege bai ko ƙifta ido ba. Ya ce, "Af, ai haka take. Wayar kirki kamar turare ce. In ta kwana a ɗaki, ko an fitar da ita albarkarta tana nan."

Jaki ya gyaɗa kai, ya ce, "Haka ne, ni ma na ji ana faɗa."

Kififiya ta ce, "Madalla. Tunda albarkar ta zauna, ɗauki wayarka, mun riƙe albarkar." Ta kwance guga, ta jefa masa abarsa a ƙafa.

Kurege ya juya ga Kunkuru. Ya ce, "Baba, mace ce za ta warware maganarka a gaban dattawa? Ka ce ka yarda ko ba ka ce ba?"

Kunya ta kama Kunkuru. Sai ya ja kai, ya ja ƙafafu, ya shige ƙoƙonsa. Kalangu yana ta tashi. Kififiya ta tsaya a kansa. In ya fito ya ce e, gona ta tafi.

Can sai murya ta fito daga cikin ƙoƙo. Ya ce, "Malam Jaki, tare muka yi kiwo muna yara. Don girman Allah, tun daga farar wayar nan, ka taɓa jin wani bambanci?"

Jaki ya dubi ƙasa. Ya ce, "To, ai mun ci goronka."

Hawainiya ta rikiɗe ta koma launin bango.

Aku ya ce, "Mun ci goro, mun ci goro."

Sai Kunkuru ya fito da kai a hankali. Ya ce, "Ni ma ban taɓa ji ba. Ko sau ɗaya. Kurege, gonar ubana ba ta barin hannuna. Ga farar wayarka, ga mai zinariyarka, dawo mini da gyadata da dawata."

Kurege ya ce, "Wannan kuma ciniki ya faɗa. Shaidu sun ji, sun yaba. Ko ba ku yaba ba?"

Suka ce sun yaba. Me za su ce? Kurege ya naɗe wayarsa, ya yi gaba.

Shaidu suka kakkaɓe riguna suka fita da fushi. Kuna tsammani da Kurege suke fushi? A'a. Da Kififiya. Wai ba ta da kara, ta kunyata manya a zauren mijinta. Har aka yi wata ba wanda ya gaishe ta a hanyar rijiya.

Daminar nan Kunkuru da matarsa sun sha wuya. Tafasa da rama suka ci har hatsi ya nuna. Amma a gonarsu ya nuna, su suka girbe, ba wani ba.

To, kun ji. Waya in ta kai hoto ta kai sauti, ta gama aikinta, ko baƙa ce ko ta zinariya. Abin da kunnenka bai ji ba, kada ka ari kunnen wani ka saya. Kuma wanda ya ga ana yashe ka ya ce madalla don kada ranka ya ɓaci, ni a wurina da shi da mai jakar duk tafiyarsu ɗaya.

Kurunkus. Ta ƙare, kowa ya kama gabansa.