Tulun Irin Iya Tasalla

Ku matso, 'yan'uwa mata, ku ɗan ajiye tsintar waken nan, ga wata magana da ta hana ni sakat.

A wani ƙauye da damina ta fara gajarta, akwai Iya Tasalla, tsohuwa mai riƙon jikoki marayu. Tana da wani irin gero da ta gada wurin mahaifiyarta, ana ce masa ɗan-hanzari, don kafin ruwa ya ɗauke ya riga ya nuna. Al'adarta ce, duk yarinyar da za a kai ɗakin miji, sai ta ƙulla mata tafi guda a bakin zane.

Wata kaka gobara ta cinye rumbunta ƙurmus. Maƙwabta sun kawo abinci, amma iri fa? Mutanen gari sun daɗe da komawa irin kasuwa mai son ruwa da yawa. Iya takan dubi jikokin suna cin tuwo, ta shiga tunani. In ruwa ya ɗauke da wuri, me za ta zuba musu baɗi?

Kuluwa mai daddawa ta tarar da ita tana hawaye. Ta ce, "Haba Iya, kada ki jiƙa mini daddawa! Bakin nan nawa da kuke cewa ba ya rufuwa, yau zai yi rana." Kasuwa-kasuwa ta bi, duk wadda ta tsaya sayen daddawa sai ta tambaye ta amaren ƙauyensu da Iya ta ƙulla wa iri. Ta gano su ɗaya bayan ɗaya, amma wata ta dake nata, wata ƙwari sun mayar da shi gari. Ƙafafunta har sun tsage kafin ta kai ga wata cikinsu mai suna Hansai.

Ita Hansai tana shuka nata a bayan ɗaki kowace shekara, ta adana irin a tulu. Shekarar nan yunwa ta shiga gidanta. Mijinta ya ce, "Ki daka mana abin tulun nan mana." Ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, wannan amana ce." Da tafasa da zogale ta riƙe 'ya'yanta. Da ta ji labarin gobarar, ta ɗora tulun a ka ta taho.

Iya ta fasa bakin tulun, sai ga ƙwaya garau cikin toka. Wannan aikin wata Barira ne, wadda ke tara matan gari a gindin darbejiya tana koya musu cakuɗa iri da toka da busasshen ganyen bishiyar, a liƙe bakin tulu da laka. Dariya ake mata, ana ce da ita uwar toka. Cikin amaren nan duka, Hansai kaɗai ta taɓa zama ta saurara.

Da damina ta zo Iya ta shuka, ruwa kuwa ya ɗauke da wuri. Gonar Iya ta nuna, jikoki suka ƙoshi, gari duka ya sami iri.

Yanzu idon Iya ya yi rauni, kuma tulun iri hannu ɗaya ake damƙa wa, haka mahaifiyarta ta yi mata. Ta kira su ukun. Kuluwa ta ce, "Ni yawo kawai na yi, Iya, a ba uwar toka." Barira ta nuna Hansai. Hansai ta sunkuyar da kai, ta ce da ba a neme ta ba, da tulun na can ƙarƙashin gado.

Iya ta rungume tulun, ta dubi wannan, ta dubi waccan, ta kasa miƙawa.

To, ku da kuka ji, tsakanin wadda ta nemo, da wadda ta riƙe, da wadda ta koyar, hannun wa ya kamata Iya ta damƙa wa tulun?