Maraƙan da Suka Kasa Miƙewa

An yi wani sarki a Birnin Gamji ana kiransa Zubairu, mutum ne mai girmama ilimi da ma'abotansa, mai saurin fushi kuma mai saurin hucewa, amma cikin duk abin da ya mallaka babu abin da ya kai garken shanunsa matsayi a zuciyarsa. Tushen garken nan wani farin bijimi ne da mahaifinsa ya bar masa, ana ce masa Ƙanƙara saboda tsananin farinsa, mai tudun tozo, mai ƙahoni kamar an auna su kafin a dasa. Tun ranar da Zubairu ya hau gadon sarauta ya kafa doka cewa kada wani bijimi ya yi wa shanunsa barbara sai Ƙanƙara, in sun yi masa yawa sai 'ya'yansa maza, domin yana son garken ya zama fari fat, babu ɗigon ja ko baƙi.

Amanar garken tana hannun wani Bafulatani, Ardo Yero, wanda ya yi wa mahaifin sarki kiwo tun yana da baƙin gashi. Shekara biyar garke yana ta yaɗuwa lafiya. A ta shida aka haifi maraƙa biyu ƙafafunsu na gaba a lanƙwashe, ba sa iya miƙewa su kai ga hantsa, suna jan gwiwa a ƙasa har suka mutu kafin kwana bakwai. Shekarar da ta biyo aka haifi biyar irinsu, ta bayanta goma sha ɗaya.

Shi kuwa Ardo yana da nasa shanun, jajaye guda ashirin, suna kiwo tare da na sarki, mashaya ɗaya, makiyaya ɗaya, bijimai ma ɗaya, amma ko sau ɗaya ba su haifi nakasasshe ba, kuma da yawa cikin maraƙansu farare suke fitowa. Sai fadawa suka fara raɗe-raɗin cewa musanya yake yi, yana kwashe lafiyayyun maraƙan sarki ya jingina wa shanunsa, ya bar wa sarki guragu. Da maganar ta kai kunnen sarki, ya sa aka kama Ardo aka tsare, ya ce za a ƙwace shanunsa a kore shi daga ƙasar da shi da iyalinsa.

Wazirin sarki a lokacin shi ne Malam Ɗahiru, masanin fiƙihu da hisabi, wanda bai taɓa riƙe sandar kiwo ba a rayuwarsa. Ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, tuhuma ce mai ƙarfi, amma har yanzu tuhuma ce, domin babu wanda ya ce ya ga musanyar da idonsa."

Sarki ya ce, "Waziri, ruwa ɗaya suke sha, ciyawa ɗaya suke ci, ubansu ɗaya. In ba ha'inci ba ne, gaya mini mene ne ya raba su. Na ba ka kwana talatin. In ka kawo hujjar da hankali zai karɓa, na saurare ta, in ba ka kawo ba, hukunci ya tabbata."

Malam Ɗahiru ya fara da Ardo a inda yake tsare. Ya tambaye shi ko ya yi musanya, ya rantse bai yi ba. Ya tambaye shi ko ya san sanadin abin, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, komai na Allah ne." Waziri ya lura cewa wannan amsa ba ta jahili ba ce, ta mai tsoro ce, bai matsa masa ba.

Kashegari ya ɗauki dogarai biyu daga cikin waɗanda sarki ya fi yarda da su, ya tafi ruga. Ya sa aka ware shanun sarki goma sha huɗu da suka kusa haihuwa, ya umarci dogarawan kada su rabu da su. Shi kuma ya bi mashaya ya ɗanɗani ruwanta, ya duba kanwar da ake ba su, ya zaga makiyaya yana tambayar sunan kowane tsiro. Kwana goma bai sami komai ba, har ya fara tunanin ko fadawa ne da gaskiya.

A rana ta goma sha ɗaya, da hantsi, yana zaune gindin wata tsamiya, sai wata tsohuwa ta ajiye masa ƙwaryar nono. Goggo Daso ce, ƙanwar mahaifin Ardo, wadda ta fi shekara hamsin tana tatsa. Ta ce, "Malam, na ga kana ta tambayar ruwa da ciyawa. Ba ka tambayi shanun ba."

Ya ce, "Goggo, yaya ake tambayar saniya?"

Ta ce, "Ana tambayar wa ya haife ta."

Ta ja shi cikin garke tana nuna masa su ɗaya bayan ɗaya, tana faɗar sunan kowace da na uwarta da na kakarta, da bijimin da ya hau kowace, shi kuwa ya fito da takarda da tawada yana rubutawa. Kwana uku suka yi a kan haka. Da ya zauna ya jera abin da ya rubuta, sai ya ga duka maraƙa goma sha takwas da suka nakasa iyayensu mata 'ya'yan Ƙanƙara ne ko jikokinsa, kuma wanda ya hau su shi ne ko ɗansa. Tsofaffin shanun da ba su haɗa jini da shi ba, babu wadda ta haifi gurgu.

Ya ce, "Amma ga 'ya'yansa da yawa da suka haihu lafiya."

Ta ce, "Ba kowace ke ɗauke da aibin ba. Wadda ke ɗauke da shi ma sai ta haifi uku lafiyayyu kafin ta haifi gurgu. Ba ka ganinsa a jikinta, tana tafiya garau, nono cike da ƙwarya. Na san shi tun ina budurwa. A garken mahaifina ba a ƙafa ya fito ba, a haɓa ya fito, maraƙi ya zo da muƙamuƙin ƙasa gajere ya kasa kama nono. Mahaifina ya yi shekara huɗu yana neman magani, yana zargin maƙwabta da sammu, har wani dattijo da ya sauka wurinmu daga arewa ya ce masa ya rabu da bijiminsa ya nemo bare. Ya yi kuka kafin ya rabu da shi, amma abin ya lafa."

Waziri ya ce, "To shanun Ardo fa?"

Ta ce, "Jajayen nan daga ƙetaren kogi muka zo da su, ba su haɗa komai da Ƙanƙara ba. 'Ya'yansu mata kuwa, da an yaye su nake sa a kai su rugar ƙanen Yero. Ban taɓa barin ko ɗaya ta girma a nan ba."

Ya tambaye ta abin da ya hana su faɗa tun farko. Ta ce, "Shekara biyu ina cewa Yero ya je ya faɗa. Ya ce da wane baki zai tsaya gaban sarki ya ce bijimin mahaifinsa ne."

Malam Ɗahiru bai tsaya ga maganar mutum ɗaya ba. Ya hau doki ya tafi wurin wani hakimi da sarki ya taɓa yi wa kyautar ɗan Ƙanƙara shekaru bakwai da suka wuce, ya tarar can ma an haifi guragu biyu, makiyayan sun binne su sun yi shiru don gudun a ce sun raina kyautar sarki. Da ya dawo ruga, dogarawan suka tarye shi da labarin cewa shanu tara sun haihu a gabansu, takwas lafiya, ɗaya kuwa da tsakar rana ta haifi gurgu suna tsaye a kanta.

A hanyar komawa birni ya yi ta juya al'amarin. Hujja ta kammala, amma hujja ce da ke nuna dokar sarki, kuma ya san yadda Zubairu ke son abin da mahaifinsa ya bari. Ya yi tunanin ya ɗora abin a kan ƙaddara kawai ya roƙa wa Ardo afuwa, sai ya ga in ya yi haka tuhuma za ta ci gaba da bin mutumin, maraƙa kuma za su ci gaba da mutuwa.

Ranar da wa'adi ya cika fada ta cika maƙil. Waziri ya sa aka shigo da maraƙa biyu, dukansu farare, ɗaya yana tsalle, ɗaya a kwance cikin mangala. Dogarawan suka ba da shaidar abin da suka gani. Sannan ya ce, "Allah ya ja zamaninka, waɗannan ubansu ɗaya, Ƙanƙara. Mai tsallen nan uwarsa jar saniyar Ardo ce, bare ce ga ubansa. Na kwancen nan uwarsa 'yar Ƙanƙara ce. Ka tambaye ni abin da ya raba su alhali ruwa ɗaya ne, ciyawa ɗaya, uba ɗaya. Nasabar uwa ce ta raba su." Ya karanta jerin da ya rubuta daga farko har ƙarshe.

Fuskar sarki ta sauya. Ya ce, "Kana nufin bijimin mahaifina yana da aibi?"

Waziri ya ce, "Yana da wani ɓoyayyen abu a jininsa wanda bai cutar da shi ba, bai kuma rage masa kyau ba. In ya haɗu da bare sai ya kwanta, in ya haɗu da irinsa sai ya tashi. Da an bar baƙin bijimai suna shiga garken, mai yiwuwa da har abada ba mu san yana nan ba."

Kowa a fada ya san wanda ya hana baƙin bijimai shiga. Sarki ya daɗe yana kallon maraƙin da ke kwance, sannan ya ce, "To laifin wa ke nan?"

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, babu ɓarawo cikin wannan shari'a. Doka taka ce, ka kuwa yi ta da kyakkyawar niyya ba tare da sanin abin da za ta haifar ba. Ardo ya sani, tsoro ya hana shi faɗa. Mu da ke zaune kusa da kai muna da namu kason, tunda har aka kai matsayin da makiyayi ya gwammace kora a kan ya gaya maka gaskiya."

Sarki ya sa aka zo da Ardo, ya tambaye shi ko haka ne. Ardo ya ce haka ne. Sarki ya ce, "Na zalunce ka, Yero, na kuma faɗa a gaban waɗanda na tuhume ka a gabansu." Ya mayar da shi kan aikinsa, ya tabbatar masa da shanunsa, ya ƙara masa karsana goma. Ya janye dokarsa, ya sa aka dandaƙe 'ya'yan Ƙanƙara maza aka sa su noma, aka aika wa hakimin nan da labari, aka sayo bijimai uku daga nesa, biyu jajaye, ɗaya baƙi. Ƙanƙara kuwa aka raba shi da garke aka ɗaure shi a gidan sarki, ya ci gaba da cin dusa da harawa har ya mutu don tsufa.

Aka kawo wa Waziri alkyabba da doki. Ya karɓa ya yi godiya, ya ce shi rubutu kawai ya yi, ilimin na Goggo Daso ne. Sarki ya aika mata da shanun tatsa biyar, ya kuma umarta cewa kada a ƙara saka bijimi a garkensa sai an nemi shawararta. Garken bai sake zama fari fat ba, kuma bayan shekaru an haifi gurgu ɗaya da jikokin Ƙanƙara suka sake haɗuwa, amma ba a tuhumi kowa ba.

Masu hikima na wancan zamani da suka ji labarin sai suka ce, adalcin mai mulki ba ya cika sai ya yarda a binciki dokarsa kamar yadda ake binciken talakansa, kuma ya sauƙaƙa wa na ƙasa da shi faɗar gaskiya fiye da ɓoye ta.