Sarki da Na'urar Zaren Tagulla

An ce wani sarki ya daɗe bisa gadon mulki har ya binne duk waɗanda suke iya duban idonsa su ce ya yi kuskure. Na ƙarshensu shi ne wazirinsa. Tun ranar da aka kai waziri makwancinsa, fada ta zame wa sarki kango. Ga mutane maƙil, amma kome ya faɗa sai a ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe."

Ana nan sai labari ya iske shi na wani tsohon masani, Malam Yahuza, wanda dā masaƙi ne, ya ƙera na'ura mai amsa tambaya. Sarki ya sa aka zo da su. Na'urar kamar babban akwati take, cikinta zaren tagulla dubu bisa dubu, kowanne a ƙulle da 'yan'uwansa.

Sarki ya ce, "Ya kai malam, yaya abin da ba shi da rai zai san amsa?"

Malam ya ce, "Ya sarki, wa ya koya maka gane muryar mahaifiyarka?"

"Ba kowa. Na yi ta ji ne har na sani."

"To, a cikin kan ɗan Adam akwai jijiyoyi sirara da ba sa ƙirguwa, kowace tana taɓa dubu. Abin da ya yawaita ratsa su yakan bar turba, kamar yadda ƙafa take fitar da hanya a cikin ciyawa. Wannan na kwaikwaya. Nakan karanta mata tambaya ta yi hasashe. In ta kauce, in sassauta wani ƙulli, in ƙara tamke wani, har ta daina kaucewa. Babu zare ɗaya a cikinta da ya san kome. Sanin yana cikin ƙullin."

Sarki ya yi umarni a karanta mata duk shari'o'in da ya yanke cikin shekara arba'in. Aka yi wata bakwai ana yi. Da aka gama, sai ya zamana ko wace ƙara aka kawo, kafin sarki ya buɗe baki na'ura ta faɗi abin da ke zuciyarsa. Ya yi farin cikin da ya daɗe bai yi ba. Ya sallami majalisa, ya riƙa zama da ita daga hantsi zuwa la'asar, yana ba ta labarin ƙuruciyarsa, yana kiran ta abokiya.

Bayan shekara guda wata tsohuwa, Kuluwa, ta zo daga ƙauyen masunta. Wani bafade ya kewaye filin bakin kogi inda kabarin mijinta yake, ya ce nasa ne. Aka karanta ƙara. Na'ura ta ce, "Fili na bafade ne." Sarki ya gyaɗa kai, don haka shi ma ya gani.

Kuluwa ba ta yi kuka ba. Ta gyara mayafinta ta ce, "Ranka ya daɗe, dama tun a gida an ce kada in wahalar da ƙafata."

Maganar ta tsaya wa sarki a rai. Malam Yahuza ya matso ya ce, "Ya sarki, a ba ni izini in sake karantawa, amma in musanya sunayen. Hujjarta ta zama tasa, tasa ta zama tata."

Aka ba shi. Ya karanta. Na'ura ta ce, "Fili na bafade ne."

Sarki ya fusata. "Azzalumar aba ka ƙera mini."

"Ya sarki, ba ta taɓa ganin masunci ba, balle ta ƙi shi. Ba ta da malami sai kundinka. Masunta ɗari uku da goma sha ɗaya suka kawo ƙara gabanka, ni na karanta mata su. Biyu ne suka yi nasara."

Sarki ya dubi akwatin da ya yi shekara yana hira da shi, ya gane ashe shi kaɗai yake ta magana, tagulla tana mayar masa. Bai taɓa jin kaɗaici irin na wannan rana ba.

Can ya ce a hankali, "Tana gyaruwa?"

"Kamar yadda kan ɗan Adam yake gyaruwa, ya sarki. A jiyar da ita abin da ba ta taɓa ji ba. Sai dai ƙullin da aka yi shekara arba'in ana tamkewa ba ya sassautuwa a yini."

Sarki ya mayar wa Kuluwa filinta. Washegari ya tafi ƙauyen masunta da ƙafa, ya zauna a kan wani kifaffen kwalekwale. Kwana uku ba wanda ya kusance shi. A na huɗu wani tsoho mai ɗinkin komar kamun kifi ya zo ya zauna nesa kaɗan, ya fara magana ba tare da ya dube shi ba, sarki yana saurare.

Shi ya sa masu hikima suka ce, adalci ba ya zama a ɗakin da murya ɗaya ce.